Bindigar da Ba Ta Yi Tsatsa Ba

Mata masu zuwa ɗibar ruwa ne suka tsinci gawar Pullan da sanyin safiya, a kan hanyar rijiya. Yana kife, buta a hannunsa, harsashi ya shiga ta ƙasan kafaɗa. Kafin rana ta ɗaga duk Sorbar ta hallara a wurin, maza da mata da awaki, suka tattake ƙasar kamar masussuka. Kafin azahar an sami mai laifi.

Sunansa Bijjar, makiyayi daga duwatsu. Kwana huɗu ke nan da saukowarsa da raƙuma biyu, ɗauke da man shanu da kaba, zai musanya da busasshen kifi. Ana gobe za a yi kisan sun yi cacar baki da Pullan a bakin teku, a kan kifin da Bijjar ya ce tsutsa ta gama da shi. Da masu wankan gawa suka ciro harsashin suka fasa, sai ga dalma a waje, tsakuwa a ciki. Mutanen dutse kaɗai ke wannan tsumulmular. Aka tarar da shi yana dafa shayi kusa da raƙumansa, aka yi masa dukan kawo wuƙa, aka ɗaure shi a turken jirgi a ƙofar gidan baffana.

Baffana Jangiyan shi ne Kahoda, mai garin masunta. Ni kuwa wata huɗu ke nan da dawowata daga Karachi bayan shekara takwas a makaranta. Ban iya jan taru ba, teku na sa ni amai, saboda haka aikina karanta wa mutane wasiƙa. Suna ce mini Mai Alƙalami, ba don girmamawa ba.

Sabzal, ƙanin mamacin, ya so a yanka Bijjar nan take. Baffa ya hana, ba don tausayi ba. In aka kashe mutumin dutse ba tare da bakin mai bin sawu da takarda zuwa ga hakimi ba, danginsa za su sauko su ƙone mana jirage.

"Kwana uku," in ji Sabzal. "Ranar sadakar uku, da mai bin sawu da babu shi, zan ɗora masa wuƙa."

*

Shambe, mai bin sawu, ya iso washegari da hantsi, a ƙafa. Ƙanƙanen tsoho ne, ido ɗaya ya yi fari, gemu ja da lalle. Bai gaisa da kowa ba sai da ya sha ruwa. Baffa ya nuna ni.

"Dilmurad, ɗan ƙanina. Shi zai rubuta abin da ka gani."

"Ya iya yin shiru?"

"Abin da ya iya ke nan," in ji Kamalan, babban ɗan baffa. Aka yi dariya.

A hanyar rijiya Shambe ya tsaya ya dubi ƙasa, ya dube mu.

"Wane jaki ne ya bari aka taka wurin nan?"

"Duk garin ne, Waja," na ce, don haka muke kiran babba a wajenmu.

"To duk garin jakuna ne. Rubuta."

Ban rubuta ba.

Sabzal ya ja shi bayan wani tudun yashi, inda ya kife kwando tun safiyar kisan ya danne da dutse. Ya ɗaga. A ƙarƙashi akwai sawu biyu na takalmin kaba irin na mutanen dutse, sun nufi inda Bijjar ya sauka.

"Ga shi nan. Ko makaho ya gani."

Shambe ya tsuguna har gemunsa na taɓa yashi. Ya daɗe.

"Ka ga waɗannan ƙananan ɗige-ɗigen a kan sawun?"

"Ƙaguwa ce. To?"

"Ƙaguwa ba ta fitowa sai duhu ya yi, kafin asuba ta koma rami. Ita ta hau kan sawun, ba sawun ne ya hau kanta ba. Mutumin nan da yamma ya wuce, ruwa ya zo ɗiba. An harbi yayanka da asuba. Sawun nan ya girmi kisan da dare guda."

Jijiyar wuyan Sabzal ta tashi.

"Ƙaguwa ce za ta ba da shaida a kan jinin yayana?"

"Ta fi ku amfani. Ita dai ba ta ɓata mini wuri ba."

*

Bijjar na jingine da turken, leɓɓansa sun tsage, ido ɗaya ya rufe saboda kumburi. Ƙudaje sun same shi. Shambe ya zauna a ƙasa gabansa.

"Kai ka harbe shi?"

"Baba, dube ni da kyau. Da ni na harbe shi, kafin azahar ina bayan dutse uku. Wane mahaukaci ne zai kashe mutum ya zauna dafa shayi?"

"Kun yi faɗa."

"Ya sayar mini da tsutsa da sunan kifi. Na zagi uwarsa, ya zagi tawa. In don wannan ake kisa da babu sauran mai rai a garin nan."

"Ina bindigarka?"

"Inda suka ce in ajiye. Baƙo ba ya shiga garinsu da bindiga. Na rataye ta a rumfar baƙi ta Kahoda, da ɗurinta a ciki, da jakar harsashi. Rumfar da ko ƙyaure babu."

"Yaushe rabonka da harba ta?"

"Wata guda. Kyarkeci na harba, na kuskure."

"Da me kake shafa mata?"

"Kitsen jelar rago. Da me kuma mutum ke shafawa?" Ya tofar da jini. "Ka gaya wa masu warin kifin nan, ina da 'yan'uwa bakwai."

Na ba shi ruwa a kwanon da ke wurin. Wata tsohuwa daga bayan darni ta tsine mini, ta haɗa da Karachi.

*

Granaz, matar mamacin, ta yi magana da mu ta bayan tabarmar ƙofa. Ba ta kuka.

"Wa ke ƙin mijinki?" in ji Shambe.

"Ka tambaye ni wa ke sonsa, mu gama da wuri."

"Fara da na kusa."

"Ƙaninsa. Shekara guda ba su ci a kwano ɗaya ba, a kan jirgin da ubansu ya bari. Yanzu shi ke kukan da ya fi na kowa ƙarfi. Sai Ganji maƙeri, wanda mijina ya kira bawa a kasuwa don ƙugiya ta karye. Sai ɗan Kahoda, a kan nahang."

"Wane nahang?"

Ni ma ban san zancen ba, ina Karachi aka yi. Ta ce bara war haka teku ta jefo nahang, ƙaton kifin nan mai feso ruwa ta ka, tsawonsa ya kai jirgi uku, kansa kamar ɗaki. A al'adar Sorbar wanda ya fara kafa filafilinsa a jikin mushen shi ne mai tsintuwa. Kamalan ya ce shi ya fara kafawa, ya ruga kiran mutane, ya dawo ya tarar da na Pullan a wurin, nasa yana yawo a ruwa. Pullan ya kira shi maƙaryaci a gaban kowa. Kahoda ya yanke hukunci ya ba Pullan, don kada a ce ya goyi bayan ɗansa.

"Wa ya yi gaskiya?" in ji Shambe.

"Na zauna da Pullan shekara goma sha tara," in ji ta. "Kai ka ƙiyasta."

Muka sami Sabzal yana wasa wuƙa a gindin jirgin da suke rigima a kai.

"Ina kake da asubar nan?"

"Ina ɗinkin taru."

"Kai da wa?"

"Ni da Allah. Tsoho, ni kake tuhuma?"

"Na ga kana sauri ne. Mai sauri a binne zance yakan san abin da ke ciki."

Sabzal ya miƙe da wuƙar a hannu. Shambe bai ko matsa ba. Sai da na shiga tsakani, na sha ture a ƙirji, na faɗi zaune a kan ƙayar kifi.

"Wannan ma rubuta," in ji Shambe.

*

Bayan la'asar muka je rumfar baƙi. Bindigar na rataye a jikin ginshiƙi, doguwa, mai lagwani, an ɗaure bututunta da zoben tagulla biyar. Baffa da Kamalan na tsaye.

"Da ɗuri ya rataye ta, ni na duba da hannuna," in ji baffa. "Yanzu babu komai a ciki. Wace shaida kuma ake nema?"

"Wa ya taɓa ta tun safiyar kisan?"

"Babu," in ji Kamalan. "Ni ke gadinta. Ko ƙuda bai sauka a kai ba."

"Ka rantse?"

"Na rantse da Alƙur'ani."

Shambe ya sauke ta, ya ce zai duba a haske. Muka tafi bayan wani ruɓaɓɓen jirgi a ƙarshen gari, mu biyu kaɗai. Ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya shinshina. Ya dubi wuƙar da ke ƙugunsa, wadda ya zo da ita tas da safe, ta fara yin ja a baki.

"Mai Alƙalami, in aka harba bindiga a garin nan aka rataye ta haka nan, kwana nawa take yi kafin ta yi tsatsa?"

"Kwana ɗaya, Waja. Tokar albarushi na jan gishirin iska. Da safe sai ka ga cikinta ja wur."

"Wannan ta kwana, ga shi har la'asar ta wuce. Leƙa."

Na leƙa. Tana ƙyalli.

Ya kama sandar ɗuri da ke maƙale a ƙarƙashin bututu, wadda ake danna albarushi da ita, ya ja. Ta ƙi. Ya taka gindin bindigar ya ja da hannu biyu. Ta ƙi. Na gwada har tafina ya yi ja. A ƙarshe ya aike ni wurin Bijjar, ya ce in yi kamar ruwa na kai masa.

"Ba a janta," in ji Bijjar a hankali. "Tura ta ciki tukuna, ka murɗa hagu, sannan ta fito. Kakana ne ya lanƙwasa ta a kan wani mutum."

Haka aka yi, ta fito. Shambe ya naɗa farin ƙyalle a bakinta, ya zura har gindin bututu, ya juya, ya zaro. Ƙyallen ya fito da wani farin abu mai walƙiya kamar ɓawon ƙaramin kifi. Ya ɗora a tafinsa, abin ya narke ya zama mai, garai-garai, ba wari. Ya ciro kitsen Bijjar daga jakar harsashi, ya shafa a wani ƙyallen, ya ƙyasta wuta ya kunna su biyun. Na kitsen ya yi ta tartsatsi da baƙin hayaƙi, warin rago ya cika wurin. Ɗayan ya kama da farar wuta shiru, ko hayaƙi babu.

Na san wannan wutar. Ita ke ci a fitilar ɗakin baffa.

"Menene?" in ji Shambe.

"Man kan nahang ne."

"Mutumin dutse na da shi?"

"Ko ganinsa bai taɓa yi ba."

"To wani ya ɗauki bindigar baƙo ya yi kisa da ita don a ce baƙon ne. Ya yi dabara har ƙarshe. Da ya zo mayar da ita hannunsa ya ƙi. Ku mutanen teku ba ku iya rataye bindiga da toka a ciki, ko ta maƙiyinku ce." Ya yaga sauran ƙyallen ya sa a aljihu. "Ka kama bakinka."

*

Ganji maƙeri bai daina bugun ƙarfe ba da muka shiga.

"In ƙugiya kuke so ku dawo jibi. In Pullan ne, Allah ya jiƙansa in ya ga dama."

"Mai nake nema," in ji Shambe. "Wuƙata na tsatsa."

"Ga na jikin nahang can a tulu, ɗebi. Kowa na da shi, da shi ake shafe jirage. Sai dai matarka ta kore ka saboda wari."

"Na kai fa?"

Ganji ya ajiye guduma.

"Kai, tsoho, ka san abu mai kyau. Wannan ba a bayarwa. Tulu biyu aka samu a kan. Ɗaya na mai tsintuwa, yana gidan Pullan, inda Sabzal ke shiga ya fita. Ɗaya na Kahoda. Ni da na fasa ƙoƙon kan da gatarina, kwana biyu ina tsaye cikin ruɓa har gwiwa, ƙoƙo ɗaya aka ba ni. Ƙoƙo ɗaya! Ga shi can, ina ɗiga wa kunamar bindigogi."

A waje Shambe ya ɗaga yatsu uku. Ya dube ni da idonsa mai gani.

"Ɗaya gidanku ne."

"Na iya ƙirga, Waja."

Da magariba na ci shinkafa da kifi a faranti ɗaya da baffa da Kamalan. Kamalan ya tura mini kan kifin, ya ce masu karatu ke buƙatarsa. Na cinye.

*

Ranar sadakar uku, bayan an ci dabino an yi addu'a, Shambe ya ce a fito bakin teku. Aka kawo Bijjar da igiya a wuya. Sabzal ya tsaya a bayansa da wuƙa. Mata suka jeru nesa kaɗan, Granaz a cikinsu. Ni ina zaune a kan kifaffen kwando, takarda a gwiwa.

Shambe ya zo da bindigar, ya riga ya ɗura ta. Ya hura lagwani, ya saita teku, ya harba. Tsuntsaye suka tashi. Sai ya yar da ita a kan jiƙaƙƙen yashi, daf da inda kumfar ruwa ke tsayawa, ya zauna, ya fara ba da labarin wani raƙumi da aka sace a Kech shekara talatin da suka wuce.

Labarin ba shi da kai. Raƙumin ya je nan, ya je can. Iska na kaɗo gishiri. Na ga idanun maza suna barin bakin Shambe suna komawa kan bindigar. Wani ya yi tsaki. Wani ya soshi wuya. Kumfa ta zo ta lashi gindinta ta koma.

"Tsoho," in ji wani dattijo, "ko ta kafiri ce ba a yi mata haka."

"Au, na manta. Hannuna ya tsufa. Sabzal, share mana ita."

Sabzal ya soke wuƙarsa a yashi, ya ɗauki bindigar, ya ja sandar ɗuri. Ta ƙi. Ya ja har ya yi nishi.

"Tsiyar dutse! Komai nasu a karkace yake."

"Miƙa wa maƙeri," in ji Shambe.

Ganji ya ja, ya leƙa, ya girgiza, ya ƙwanƙwasa da dutse.

"Sai da awartaki. Bari in je in ɗauko."

"Kafin ka dawo ta ruɓe," in ji Kamalan. Ya fizge ta. "Ku ba ni nan, sai ka ce ba maza ba."

Ya tura sandar ciki, ya murɗa hagu, ta fito. Ya zura hannu cikin rigarsa ya ciro ɗan ƙahon da ke rataye a ƙirjinsa, inda ɗumin jiki ke hana mai daskarewa. Ya cire toshiyar da haƙori, ya ɗiga a tsumma. Hannunsa na aiki, shi yana hararar Ganji. Sai da ya zura sau biyu sannan ya lura kowa shi yake kallo.

"Bijjar," in ji Shambe, "wa ka koya wa zare sandar nan a garin nan?"

"Mai Alƙalami kaɗai, shekaranjiya da yamma. A'a, jiya ne, kaina ya juye."

"Kai fa, ɗan Kahoda, wa ya koya maka?"

"A rumfarmu take rataye. Na duba ta. Laifi ne?"

"Ka rantse da Alƙur'ani ba wanda ya taɓa ta."

"Bayan kisan na ce. Kafin nan na shafa mata mai. Kayan baƙo ne, amana ce."

Shambe ya ciro ƙyallen aljihunsa, ya karɓi tsumman hannun Kamalan, ya kunna su a lagwani. Farar wuta biyu, iri ɗaya, ba hayaƙi.

"Wannan daga gindin bututu na ciro shi, can ƙasa inda albarushi ke zama. Ubanka ya ce da ɗuri aka rataye ta, shi ya duba da hannunsa. Ku masu bindiga ne duka. A gaya mini yadda mai ke kaiwa gindin bututu alhali harsashi na zaune a kai."

Kowa ya san ba ya kaiwa sai an harba.

Granaz ta yi magana daga cikin mata, ba ta ɗaga murya ba.

"Ta baya ka harbe shi, Kamalan. Ko a wannan ma ba ka iya tsayawa gabansa ba."

Kamalan ya yi jifa da bindigar.

"Ni na kafa filafilina! Ni na fara ganinsa, duk kun sani! Ya tumɓuke ya jefa a ruwa, ya kira ni maƙaryaci, ubana na zaune yana shafa gemu. Shekara guda! In na shiga kasuwa a ce ga mai filafili. In na fita teku a tambaye ni ko na ga wani nahang yau. Shi da kansa, duk safiya a hanyar rijiya, sai ya ce, Kamalan, ka kafa ko ka yi mafarki? Wa ya hana shi? Kai, Sabzal? Kai, Baba? Eh, ni ne. Da zai tashi da na ƙara masa."

Na ɗauka Sabzal zai zaro wuƙarsa daga yashi. Bai zaro ba. Ya tsaya yana kallon baffa. Ƙanwar Kamalan ce matarsa, kuma a jirgin Kahoda manyan 'ya'yansa biyu ke aiki.

Dattawa suka ja gefe. Ina jin su. Jini tsakanin gida biyu a gari ɗaya ba ya ƙarewa, in ji ɗaya. Baƙo raɓa ne, in ji wani. 'Yan'uwansa bakwai ne, amma in akwai takarda ba abin da za su yi. Ba wanda ya kwance igiyar wuyan Bijjar.

Baffa ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta rufe takardar.

"Dilmurad, ɗana. Rubuta cewa an sami harsashin dutse a jikin mamaci, an sami bindigar baƙo an harba. Duk gaskiya ne. Ka tsaya nan."

"In na tsaya nan, Baffa, yanka shi za a yi."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na riƙe ka da ubanka ya nutse. Ni na tura ka Karachi."

"Ka tura ni in koyi rubutu."

"Don ka yi mana, ba don ka yi a kanmu ba!"

Na dubi Shambe. Yana sakace haƙori da tsinke, idonsa a teku. Bai iya karatu ba. Duk abin da na sa a takardar shi zai dangwala wa yatsa.

Na rubuta sawun ƙaguwa, na rubuta mai, na rubuta sandar ɗuri. Na rubuta Kamalan ɗan Jangiyan, da abin da ya faɗa da bakinsa a gaban mutum sittin. Na miƙe na karanta da ƙarfi tun daga farko, don kada wani ya ce bai ji ba. Baffa ya mare ni a tsakiyar sunan ɗansa. Na sake karanta sunan.

Shambe ya dangwala yatsa, ya ninke takardar, ya cusa cikin rawaninsa. Ya zaro wuƙar Sabzal daga yashi, ya yanke igiyar wuyan Bijjar, ya mayar da wuƙar inda take.

"Takardar nan gobe tana hannun hakimi," ya ce. "Duk wanda ya biyo mu, zan san sawunsa, zan san na ubansa."

Bijjar ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki bindigarsa, ya zauna a gaban duk garin, ya cika tsumma da yashi ya dirje bututun ciki da waje, har babu sauran ƙyalli. Ya ciro kitsen ragonsa ya shafa. Bai yi sauri ba. Sannan ya ɗura ta, ya kunna lagwani, ya rataya a kafaɗa, ya ratsa tsakiyar gari da ita zuwa wurin raƙumansa. Ba wanda ya tuna masa da al'adar rumfar baƙi.

Na raka su har rijiya. Bijjar bai gode mini ba. Ya ce in gaya wa mutanena kifinsu tsutsa ne.

Dogaran hakimi sun zo bayan kwana biyar suka tafi da Kamalan. Ni na kwashe kayana daga gidan baffa tun kafin a ce in kwashe, na koma ɗakin ajiyar gishiri a bayan maƙerar Ganji. Wasiƙu na zuwa Sorbar kamar kullum, daga Maskat, daga Karachi. Masu su kan sa su a aljihu, su wuce ta ƙofata, su yi tafiyar kwana biyu zuwa Pasni a karanta musu.